Uwa da Ɗa, Gaɓa Ɗaya, Ciwo Biyu: Nazarin Matsalar Mahaɗin Muƙamuƙi

An tsara wannan lamari a kan irin abin da ake gani a sashen tiyatar baki da fuska na manyan asibitocin Arewa. Babu sunan mutum a ciki, babu na gari, babu na asibiti.

Mai kati da ɗan rakiya

Katin na uwar ne. Shekararta 33, 'ya'yanta biyar, na ƙarshen yana goye. Wata takwas ke nan gefen fuskarta na dama yana damunta, ciwon ya taso daga gaban kunne ya hau gefen kai, ya sauko kunci. In ta buɗe baki sai ka ji ƙas, har wanda ke zaune kusa da ita yana ji. Da safe takan farka muƙamuƙi a gajiye, kai yana sara. Ta ƙarar da kwalaben ɗigon kunne daga kemis, an cire mata turmin haƙori guda a wani ƙaramin asibiti, wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya. Ciwo yana nan inda yake.

Yaron da ya biyo ta shi ke riƙe da ledar kayan jariri. Shekararsa 9, amma wanda bai sani ba sai ya ba shi 6 ko 7. Yana zaune a kan benci wata ma'aikaciya ta miƙa masa biskit. Bai kai shi baki ya gatsa ba. Sai ya marmashe shi a tafin hannu, ya tsoma yatsa a ruwan leda ya jiƙa garin, ya mulmula ɗan ƙanƙani, ya ja leɓe gefe, ya tura ta wani giɓi da ke tsakanin haƙoransa na sama. Haƙoran sama da na ƙasa ba su rabu ba ko sau ɗaya. Yadda yake yin abin da sauri, ba tare da ya duba hannunsa ba, ya nuna shekaru ya yi yana cin abinci haka.

Likitan ya ce, "Hajiya, wannan ɗanki ne?"

Ta kau da kai ta ce, "Na gidanmu ne." Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Yaushe rabonsa da buɗe baki?"

"Ai haka yake, Likita. Ba ya masa ciwo."

Aka kawo ma'auni. Tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa, uwar tana buɗe milimita 38 kafin ciwo ya tsayar da ita. Yaron, da iyakar ƙoƙarinsa, milimita 3. Babba mai lafiya yakan buɗe tsakanin 35 zuwa 50 ko fiye, wato yatsunsa uku su shiga a tsaye. Saboda haka wadda ta biya kuɗin mota ta zo, bakinta yana buɗewa kusan yadda ya kamata, wanda ya zo riƙe leda kuwa shi ne mai buƙatar tiyata.

Gaɓar da ake magana a kanta

Ka sa yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki, za ka ji wani dunƙule yana juyawa, sannan ya zame gaba. Kan ƙashin muƙamuƙin ƙasa ne. Yana zaune a wani ɗan gurbi a jikin ƙoƙon kai, tsakaninsu akwai faifan guringuntsi da ke hana ƙashi gugar ƙashi. Gaɓoɓin biyu ne, dama da hagu, amma ƙashi ɗaya ya haɗa su, in ɗaya ta ƙi motsi ɗayar ma dole ta tsaya.

A wurin babba aikin gaɓar ke nan, motsi. A wurin yaro tana da aiki na biyu wanda ya fi na farko nauyi. A saman wannan dunƙulen ne muƙamuƙi ke ƙara tsawo: guringuntsin da ke wurin yana ta rikiɗa zuwa ƙashi, haɓa tana ta matsawa ƙasa da gaba, har mutum ya gama girma, 'yan mata wajen shekara 16 zuwa 17, samari kuma sai sun haura 18. Duk abin da ya lalata wurin a yarinta, ba motsi kaɗai ya taɓa ba, ya taɓa siffar da fuskar za ta ɗauka nan da shekara goma. Kusan duk bambancin da ke tsakanin uwar nan da ɗanta daga nan ya taso.

Yadda bakin yaron ya rufe

Sai da aka kira uban sannan labari ya fito. Yana shekara 4, lokacin kaka, ya faɗo daga amalanken shanu a hanyar dawowa daga gona. Haɓarsa ce ta daki ƙasa, ta tsage. Aka kai shi ƙaramin asibitin garinsu aka ɗinke, aka yi masa allurar kariya daga ciwon sarƙe haƙora, aka sallame su. An ga ɗan jini a kunnen hagu, aka goge. Da ya kwana biyu yana ƙin tuwo sai kunu, aka kai shi wurin mai ɗori, shi kuma ya ce a naɗe masa muƙamuƙi da ƙyalle kada ya motsa. Ya yi kusan wata guda a naɗe. Da aka kwance, ciwo ya tafi, kowa ya yi hamdala.

Daga nan abin ya riƙa tafiya a hankali. Da farko lomar tuwo ce ta ƙanƙance, sannan cokali ya daina shiga, sannan asuwaki. Kafin shekara biyu baki ya rufe. Babu wanda ya haɗa wannan da faɗuwar, domin tabon haɓa ya warke tuntuni, kuma haɓa daban, gaban kunne daban. Wasu suka ce iska ce ta buge shi, wasu suka ce hangum ne bai fita duka ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi. A makarantar allo malam ya sha ɗaukarsa mai ƙiwa, don yana karatu haƙora a dantse.

Abin da ya faru a ranar faɗuwar shi ne, ƙarfin bugun da haɓa ta sha bai tsaya a haɓa ba. Ya bi ƙashin ya tafi baya, ya soka kan muƙamuƙin cikin gurbinsa. A nan ƙashin yaro da na babba suke rabuwa. Na babba busasshen kara ne, yana da siririn wuya, in an matsa masa sai ya karye ɓas a wuyan, ita gaɓar kanta ta tsira. Na ƙaramin yaro ɗanyen rake ne, wuyansa gajere mai kauri, ɓawonsa siriri, cikinsa cike da ɓargo da jini, saboda haka ba ya karyewa, tumurmushewa yake yi a cikin gaɓar. Jini da ɓarɓashin ƙashi su cika gurbin, faifan guringuntsi ya yage ko ya goce. Jikin yaro kuwa gwani ne wajen gina sabon ƙashi. In gaɓar tana motsi a makonnin nan, wannan baiwar takan sa kan muƙamuƙin ya sake tsirowa kusan yadda yake, abin da jikin babba ba ya iya yi. In aka hana ta motsi, baiwar nan ce dai za ta mayar da daskararren jinin ƙashi, ta liƙe muƙamuƙi da ƙoƙon kai. Ƙyallen da aka naɗa masa da kyakkyawar niyya ya ba ƙashin lokacin da yake buƙata.

Shi ya sa maganin karayar wurin ya bambanta. Babba ana iya ɗaure masa haƙora da waya na wasu makonni, ko a buɗe a ɗora ƙashin da ɗan ƙarfe da sukurori. Yaro galibi abinci mai laushi ake ba shi, a sa shi motsa baki tun da wuri, in ma za a ɗaure to na ɗan gajeren lokaci, sannan a riƙa auna buɗewar bakinsa wata bayan wata.

Da aka dube shi da kyau, haɓarsa ƙarama ce, ta koma baya, kuma ta karkata hagu. Kuncin hagu a cike yake, na dama a shafe kamar ya rame. Uban ya nuna daman ya ce, "Ai wannan gefen ne mara lafiya." Kuskure ne da kusan kowa ke yi. Gefen hagu ne ya daina tsawo, naman wurin ya tattaru ya yi kamar ƙiba, shi kuma na dama ya ci gaba da girma ya miƙe ya turo haɓa zuwa gefen da ya tsaya. Har muƙamuƙin sama ya bi sahu, layin haƙoransa ya ɗaga a hagu. Haƙora da dama sun ruɓe, dasashi ya kumbura, don shekara uku ba abin da ya taɓa bayansu. Yana minshari da dare. Hoton CT, mai nuna ƙashi dalla-dalla, ya nuna gaɓar hagu ta ɓace, sai curin ƙashi mai faɗi a madadinta, ta dama kuwa lafiyarta ƙalau, fursuna ce kawai.

Akwai wani haɗari da iyayen ba su taɓa tunaninsa ba. Yaron da bakinsa ba ya buɗewa, ranar da zazzaɓi ya sa shi amai, aman ba shi da isasshiyar hanyar fita, yana iya komawa huhu.

Sauran hanyoyin da yara ke bi su iso nan

Faɗuwa ce kan gaba, amma ba ita kaɗai ba ce. Kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya yana iya kai cutar ga gaɓar, don ƙashin da ya raba su siriri ne a yarinta. Akwai raunin da jariri kan samu wajen haihuwa mai wuya.

Sai kuma cutar noma, mai cin naman baki da fuska, wadda ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Mafi yawan waɗanda ba su sami magani ba ba sa rayuwa. Waɗanda suka tsira kuma, mikin kuncinsu yakan warke da tabo mai tauri, wani lokaci har ƙashi ya tsiro ya haɗe muƙamuƙin sama da na ƙasa. A nan gaɓar kanta tana iya zama lafiya, daga waje aka ɗaure ta, amma sakamakon ɗaya ne, baki a rufe. Buɗe irin wannan bakin yana cikin manyan ayyukan asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF take tallafa masa tun 2014. A Damagaram ma ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara. Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023.

A Turai da Amurka, inda ake saurin gano karaya, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi cin wannan gaɓa a yara shi ne amosanin gaɓɓai na yarinta. Shi ma halinsa ɗaya da na yaronmu: gwiwa da idon sawu su kumbura su yi ciwo, muƙamuƙi kuwa yana lalacewa shiru, sai an yi hoton MRI, mai nuna nama da guringuntsin cikin gaɓa, ko an ga haɓa ta fara karkacewa. Akwai darasi guda daga can da ya dace da batunmu. Allurar kashe kumburi da ake yi wa babba a cikin gaɓar ta ba shi sauƙi, an gano cewa in aka maimaita ta ga yaro mai girma tana iya daƙile tsawon muƙamuƙin, har ta jawo tsirowar ƙashi a inda bai kamata ba, shi ya sa yanzu ake kaffa-kaffa da ita.

Kada a ɗauka yara ba sa samun irin ciwon uwar. Suna samu, sai dai ba su cika yawa ba kafin balaga, kuma ba sa cewa muƙamuƙi ne, kunne ko kai suke nunawa. Wani nazari da aka wallafa a 2021, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 31 cikin 100 na manya suna da wata tangarɗa a cikin gaɓar, yara da matasa kuwa kusan kashi 11, mafi yawa zamewar faifai ce. Kafin balaga maza da mata kusan kunnen doki suke, bayanta sai 'yan mata su yi gaba. Cizon haƙora cikin barci da ke tayar wa iyaye hankali kuwa, ya yawaita a ƙananan yara, kuma galibi yakan wuce da kansa.

Uwar

Nata binciken bai ɗauki lokaci ba. Da aka danna tsokar taunawa a kuncinta da ta gefen kai sai ta zabura, ta ce wannan shi ne ciwon, har saran kan. Kunnuwanta lafiya. Bakin haƙoranta ya side, gefen harshenta da sawun haƙora, alamar tana dantse su da rana, tana kuma gurza su da dare. Tana tauna da gefe ɗaya saboda wani haƙori mai rami, ba ta rabuwa da cingam, ga goyo mai hana barci, ga bashin adashi da ya sha mata kai. Ƙarar da take ji kuwa faifan ne ya ɗan zame gaba, duk lokacin da ta buɗe baki kan ƙashin ya haye shi ya koma mazauninsa. Ƙarar ita ta fi ba ta tsoro, alhali ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin. In aka yi wa mutanen da ba su da wani kuka hoton MRI, kusan ɗaya cikin uku ana samun faifansu a goce.

Wannan shi ne irin na manya da aka saba gani: mace tsakanin shekara 20 zuwa 40, ciwon tsoka ya fi na gaɓa, yana tashi yana kwanciya, damuwa da rashin barci suna rura shi, kuma mafi yawansa yana lafawa ba tare da wuƙa ba.

Abin da aka ba ta bai kai kuɗin ɗigon kunnen da ta riga ta saya ba. Bayani da farko, cewa ba ciwon daji ba ne, ba kuma bakinta zai rufe irin na yaron ba, don ashe wannan tsoron ne ya taso ta. Ta ajiye cingam da rake da kilishi da aya na wasu makonni. Ta riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi safe da yamma, ta tallafe haɓa in za ta yi hamma, ta riƙa lura da kanta da rana, leɓɓa a haɗe, haƙora a rabe. Aka ba ta maganin rage zafi na 'yan kwanaki, aka cike haƙorin mai rami. Aka ce in abin ya ƙi, za a yi mata robar sawa a haƙora da dare. Da ta dawo bayan wata biyu ciwon ya ragu ƙwarai, ƙarar tana nan, aka ce ta bar ta.

Wannan sassaucin ba kasala ba ce, an koye shi ne da tsada. A 1934 wani likitan kunne a Amurka, James Costen, ya danganta irin wannan ciwo da rashin daidaiton cizo da rasa haƙoran baya. Shekaru da dama bayan haka aka yi ta goge wa mutane lafiyayyun haƙora da sunan daidaita cizo. A shekarun 1980 aka riƙa cire faifan ana sa na roba mai Teflon, robar ta riƙa marmashewa tana cin ƙashin mutane, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 1990 aka janye ta. Jagorar da mujallar likitoci ta BMJ ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon wannan gaɓa ta fifita atisaye da tausa da koyar da dabarun shawo kan ciwo da damuwa, ta kuma yi hani da cire faifai da duk abin da zai sauya cizo har abada. Haƙorin da aka cire wa matar nan a banza ƙaramin misali ne na wannan tsohon kuskure. A ganina haɗarin da ke kan babba mai wannan ciwo shi ne a yi masa abin da ya wuce kima, na yaro kuma shi ne a ƙyale shi.

Tiyatar

Shawo kan uban ya fi komai wuya, kuma hujjarsa ba ta wauta ba ce. "Likita, yana ci, yana sha, yana magana, ba ya kuka. Don me za a yanka shi?" Aka nuna masa hoton, aka ce masa kowace shekara gefen dama zai ƙara tsawo, na hagu yana tsaye, kuma abin da ya rage na girman fuskar ya fi wanda ya wuce muhimmanci, don tsiron balaga yana gaba. Ya ce a bari ya sayar da amfanin gona. Haka aka ƙara wata biyar.

Matsalar farko a ɗakin tiyata ba ta mai yanka ba ce, ta mai sa barci ce. Bututun numfashi ta baki aka saba sa shi ana kallon maƙogwaro, ga shi baki ba ya buɗewa. Babba ana iya lallashinsa a kashe masa zafin hanci, a zura siririyar na'ura mai kyamara yana farke. Yaro ɗan shekara 9 ba zai tsaya ba, dole a sa shi barci a hankali yana numfashi da kansa sannan a bi ta hanci, kuma sai da uban ya sa hannu cewa in abin ya ƙi za a huda maƙogwaro. Inda babu wannan na'ura, hudawar ce kan zama hanya. Nan an dace, ta hanci aka shiga.

Tsarin da aka bi shi ne wanda likitan Amurka Leonard Kaban da abokan aikinsa suka wallafa a 1990, suka kuma sabunta shi domin yara a 2009. Aka tsaga ta gaban kunne aka ɗan hau cikin gashi, ana kiyaye jijiyar da ke motsa fuska, wadda rassanta ke ratsa wurin. Aka sassaƙe curin ƙashin gaba ɗaya har can ciki, inda babbar jijiyar jini ke kwance, har aka bar tazarar da ta haura santimita ɗaya. Wanda ya ji tsoron cikin ya bar ƙashi a can, to ya bar irin da zai sake tsirowa. Baki bai buɗe yadda ake so ba. Sai aka yanke wani ƙahon ƙashi da tsokar gefen kai ke riƙe da shi, wanda ya yi tsawo saboda shekarun da tsokar ta yi tana ja a banza. Aka auna, bai kai milimita 35 da ake nema ba, sai aka bi ta cikin baki aka yanke na dama shi ma. Ma'auni ya nuna 37. Aka juyo da ɓangaren tsokar gefen kai aka shimfiɗa a tazarar, don kada ƙashi ya sake ganin ƙashi. Tunda baki ya buɗe a karon farko, aka cire ruɓaɓɓun haƙoran da ba su da gyara.

Sai tambayar da ba ta tasowa haka a wurin babba: da me za a maye gurbin abin da aka cire? Babba ana iya sa masa gaɓar ƙarfe da roba a wuce wurin. Ƙarfe ba ya girma, saboda haka ba a cika sa wa yaro ba. Tun 1920 Harold Gillies ya bayyana amfani da haƙarƙari, a ɗebo shi da guringuntsinsa a dasa, da fatan zai girma tare da yaron. Yakan girma, sai dai ba ya jin magana: wani ya tsaya cik, wani ya yi daidai, wani ya zarce ya tura haɓa ɗaya gefen, wani kuma ya sake liƙewa. Akwai hanyar yanka ƙashin a sa na'urar da ke jansa milimita ɗaya kullum har ya yi tsawo, amma tana son kuɗi da zuwa asibiti a kai a kai. Likitocin suka zaɓi su buɗe bakin yanzu, su bar gyaran siffa sai gaba. Wasu ƙwararru za su yi jayayya da wannan. Ga iyalin da ke tafiyar rabin yini kafin su iso, ina ganin zaɓin ya yi daidai.

Sandunan katako

An ce wa uwar ta hutar da muƙamuƙinta. Ɗanta kuwa, kwana kaɗan bayan tiyata, aka ce kada a bar nasa ya huta. Aka ba su ƙullin 'yan sandunan katakon nan masu faɗi da likita ke danne harshe da su. Za a jera su a tsakanin turamen haƙora, a riƙa cusa ƙarin ɗaya a tsakiyar jerin har baki ya kai iyaka, a bar shi na 'yan mintoci, sau da yawa a yini, wata da watanni, har shekara ko fiye.

A nan ne yaron ya fara sanin ciwon muƙamuƙi. Tsokar da ta yi shekaru a taƙure ana miƙe ta a kan sabon miki. Babba za a yi masa bayani ya cije ya yi wa kansa. Yaro kuwa abin da ya sani shi ne da ba ya jin komai, yanzu an kawo masa azaba. A asibiti ma'aikata suna tsaye a kansa, ya tafi gida yana buɗe 32. A gida uwar ba ta iya jure ihunsa, kuma ba ta son a ga tana rawar jiki a kan ɗan fari. Kakarsa ta wajen uba ta tattara sandunan ta ɓoye, ta ce ba za a kashe mata miji ba. Da suka dawo bayan wata uku, ma'auni ya nuna 21.

Wannan shi ne babban dalilin da ya sa liƙewar ta fi dawowa ga yara fiye da manya, ga jiki mai saurin gina ƙashi, ga mara lafiyar da ba zai taimaki kansa ba. An yi sa'a tabo ne ya fara ɗaurewa, bai zama ƙashi ba tukuna. Aka sake sa shi barci aka miƙe bakin. Wannan karon aka kira kakar aka nuna mata hoton farko, aka ce, "Iya, in aka bar shi, nan zai koma, kuma yanka na biyu ya fi na farko wuya." Aka ɗora aikin a wuyan uban, aka haɗa shi da lokutan salla biyar don kada a manta, a ba shi maganin rage zafi kafin na asuba da na dare, a gasa kuncin da ruwan ɗumi. Aka ɗaure adadin sandunan da ake so ya kai da kyauro, shi yaron da kansa yake ƙirgawa. Aka kuma ce a ba shi duk abin da aka hana uwarsa, cingam da rake da nama.

Shekara guda bayan tiyata yana buɗe milimita 31, yana goge haƙora, nauyinsa ya ƙaru, minsharin ya ragu. Girar hagu da ta ƙi ɗagawa bayan aikin ta dawo daidai cikin 'yan watanni. Haɓar tana nan a karkace, kuma za ta iya ƙara karkacewa lokacin tsiron balaga, don gefen hagu ba shi da wurin girma irin na dama. Za a riƙa ganinsa duk wata shida ana auna baki ana ɗaukar hoton fuska, a sa masa wayar daidaita haƙora in hali ya yi, sannan in ya kai 18 ko kusa, a duba yiwuwar yanka muƙamuƙan biyu a daidaita su. An rubuta wa ƙaramin asibitin garinsu takarda cewa duk yaron da aka kawo da tsagaggiyar haɓa, kafin a ɗinke a taɓa gaban kunnuwansa, a leƙa ko akwai jini a ciki, a sa shi ya buɗe baki a ga ko haɓa na karkacewa, a hana naɗe muƙamuƙi, sannan a ce a dawo da shi bayan wata ɗaya da bayan wata uku a gwada ko yatsunsa uku suna shiga.